Barbarar Dangi a Garken Shanu: Waiwaye Kan Tarihin Kiwo a Ƙasar Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa barbarar dangi a cikin shanu, watau bijimi ya hau 'yarsa ko uwarsa ko 'yar'uwarsa, aba ce mai tsananta a duk lokacin da aka tsare garke wuri guda. An zaɓi Gusau da Tsafe da Bunguɗu domin ƙasa ce ta kiwo tun da daɗewa, har ma sarautar Bunguɗu Sarkin Fulani ake ce da ita.

Illar Barbarar Dangi

A shekarar 1922 wani masani Ba'amurke, Sewall Wright, ya fitar da hanyar auna kusancin jini. Bisa ga lissafinsa, maraƙin da bijimi ya haifa da 'yarsa yana da kashi 25 cikin 100, wanda kuwa iyayensa 'yan uba ne yana da kashi 12.5. Gwargwadon hauhawar wannan adadi, gwargwadon yadda nono ke raguwa, haihuwa ta yi nisa, maraƙa su riƙa mutuwa da ƙuruciya. Tun da yake karsana kan isa barbara tana da shekara uku zuwa huɗu, duk bijimin da ya wuce haka a garke zai tarar da 'ya'yansa.

Dabarun Magabata

Makiyayan dā ba su san wannan lissafi ba, amma al'adunsu sun tsare su daga illarsa. Na farko, sukan dandaƙe mafi yawan maraƙa maza, su bar zaɓaɓɓu kaɗan. Na biyu, shanu kan sauya hannu ta hanyar sadaki da gado da aro da ciniki. Na uku, tafiyar rani ta burtali zuwa mashekari da mashayun Gulbin Sakkwato, wanda ya ratsa Gusau da Bunguɗu, takan haɗa garake daga nesa, farare da jajaye da gudali. Hausawa kan ce zumunta a ƙafa take. To, lafiyar iri ma a ƙafa take.

Annoba da Farfaɗowa

Babbar jarrabawa ta zo da annobar bushiya, wadda ta shigo Afirka ta gaɓar Bahar Maliya a 1887, ta iso ƙasar Hausa wajen 1891, ta kashe mafi yawan shanu. Wanda ya tsira da saniya biyar da bijimi guda ba shi da zaɓi, sai ya tayar da garke daga tsatso ɗaya, in ba ya sami baƙon iri ba. Saboda haka farfaɗowar garake ta rataya a kan aro da ciniki da tafiya.

Zamanin Turawa ya ƙara buɗe hanyoyin. An kafa ma'aikatar binciken cutar dabbobi a Bom a 1924, da gonar gyaran iri a Shika a 1928. A 1929 jirgin ƙasa daga Zariya ya ratsa Tsafe da Gusau zuwa Ƙauran Namoda, fataucin shanu ya ƙara haɓaka. Bushiya ta sake ɓarkewa a Nijeriya a 1983, kafin a shelanta kawar da ita daga duniya a 2011.

Sabuwar Tsarewa

Sai dai kuma daga wajen 2011 satar shanu da ta'addanci suka addabi Zamfara. Gonaki sun riga sun cinye burtuloli da dama, ga shi daji ya zama abin tsoro. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, ta hana safarar dabbobi na wani lokaci. Mai ƙaramin garke da ya rakuɓe a bakin gari ya koma halin da kakanninsa suka shiga bayan 1891: shanu kaɗan, bijimi guda, babu hanyar sauyi.

Kammalawa

A taƙaice, abin da cuta ta yi wa garake a dā shi ne rashin tsaro ke neman yi musu. Hasarar sata ana ganinta nan take, amma ta lalacewar iri sai bayan haihuwa biyu ko uku take bayyana. Don haka wajibi ne duk shirin mayar wa makiyaya da dukiyarsu ya haɗa da musayar bijimai tsakanin rugage kowace shekara uku, da rubuta asalin kowane maraƙi, da sake buɗe burtuloli.