Daga Gora Zuwa Kwale-kwale: Tarihin Fito a Ƙasar Batsari da Safana

A jihar Kerala ta kudancin Indiya, masu yawon buɗe ido na biyan kuɗi mai tsoka don a ba su ɗan siririn kwale-kwale su yi ta tuƙi a magudanan ruwan Alappuzha, suna ratsa ƙauyuka da gonakin shinkafa. Mutanen Inuwit na ƙasashen ƙanƙara ne suka ƙirƙiro irin wannan jirgi domin farauta, sai wani Bature, John MacGregor, ya mayar da shi abin yawon shaƙatawa bayan ya zaga kogunan Turai da shi a 1865.

A yammacin Katsina labarin daban ne. Mutumin Batsari ko Safana bai gaji shiga ruwa don nishaɗi ba, larura ce ke kai shi. Gulaben yankin, irin su Karaduwa da Bunsuru, na damina ne. Daga watan Yuli zuwa Satumba sukan kawo, su cika har su tumbatsa, su nufi yamma su faɗa Gulbin Rima. Da kaka ta wuce sai ruwa ya janye, ya bar yashi fari fat, inda mata ke tona rami su ɗebi na sha, masu lambu kuma su kafa jigo. Jirgin katako ba shi da riba a gulbin da ke aiki wata uku ya huta wata tara.

Wannan ne ya sa manyan tafiye-tafiye sai da rani. A watan Maris na 1853, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya bar birnin Katsina zuwa Sakkwato tare da ayarin Galadiman Sakkwato. Tsoron rundunar Gobirawa ya sa suka karkata kudu, suka bi ta Kuraye da Kurfi, suka sauka Zakka, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Safana, sannan suka kutsa daji suka ɓulla wajen Zurmi. Duk tafiyar a kan dawaki da raƙuma aka yi ta. Abin mamaki, ayarin da Barth ya taso da shi daga Tarabulus a 1850 ya ɗauko jirgin ruwa gunduwa-gunduwa a bayan raƙuma, amma Tafkin Chadi aka kai shi, inda abokin tafiyarsa Adolf Overweg ya tuƙa shi a 1851. Gulaben Katsina ba su ga ko ƙusarsa ba.

To, da damina fa? Nan ne masu fito ke cin kasuwarsu. Kayan aikinsu gora ne, babban duman da aka bari ya ƙosa, aka ƙwaƙule cikinsa, aka shanya shi ya bushe. Matafiyi zai tuɓe rigarsa ya naɗe, a zuba ta tare da ƙunshinsa cikin masaki, shi kuma ya rungumi gora da ƙirji. Ɗan fito zai shiga ruwa yana iyo yana tura shi. Ba ya nufar tsallake kai tsaye, domin igiyar ruwa ta fi ƙarfin haka. Sai ya haura sama da mashigi tukuna, ya bar ruwan ya kwaso su a karkace har su dafa gaɓar da ake so. Dabbobi kuwa iyo suke yi, ana riƙe da igiyarsu. Idan gulbi ya kawo da ƙarfi, babu gwanin da zai shiga. Fatake da 'yan biki sukan yada zango a bakin gaɓa har ruwa ya lafa.

A ƙasar Hausa, harkar ruwa tana da shugabanta, wato Sarkin Ruwa, wanda ke lura da mashigai, da lokacin kamun kifi, da nemo wanda ruwa ya ci. In ruwa ya janye ya bar gurabe, masunta kan shiga da gora da koma su kamo tarwaɗa, yara kuma su tono gaiwa daga cikin laka. Wanda ke son ganin wannan fasaha a cikakkiyar surarta sai ya je Argungu, inda bikin kamun kifi ya kafu tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Har yau gora ne abin hawan masuntan gulbin Matan Fada, inda ake yin bikin, ana kuma yin tseren kwale-kwale.

Abubuwa biyu suka rage wa fito kasuwa. Na farko gadoji da kwalbatoci da suka zo da hanyoyin mota. Na biyu madatsun ruwa. An kammala Dam ɗin Zobe a kan Gulbin Karaduwa, kusa da Dutsin-Ma maƙwabciyar Safana, a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Da haka yankin ya samu babban ruwan da ke kwana rani da damina, kwale-kwalen katako ya samu wurin zama, karfasa da tarwaɗar Zobe suka shiga kasuwannin ƙauyuka. Sai dai jirgi ya zo da nasa haɗarin, musamman in an yi masa lodi fiye da kima: a watan Nuwamba na 2021 wani ya kife a Dam ɗin Watari da ke Bagwai ta jihar Kano, ya halaka mutane da dama, akasarinsu ɗaliban Islamiyya.

Ruwa da duwatsu da dajin da baƙo zai so gani duk akwai su a wannan yanki. Abin da ya hana zuwa shi ne tsaro. Dajin Rugu, wanda ya ratsa Batsari da Safana, ya zama maɓoyar 'yan bindiga, kuma a watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. Kafin a yi zancen baƙi masu tuƙin nishaɗi a Zobe, wajibi ne hukuma ta tabbatar manomi ya je gonarsa ya dawo lafiya, ta wadata masu jirage da rigunan kariya, jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma kuma su tura ɗalibai su naɗi bayanan tsofaffin masu fito tun suna da rai.