Nahawu ko Magana? Tarihin Koyon Ingilishi a Ƙasar Tasawa da Mayahi

1. Gabatarwa

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Jamhuriyar Nijar, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci su zama harsunan aiki. Wannan mataki ya sake tayar da wata tsohuwar muhawara tsakanin malamai, watau da nahawu ya kamata a fara koyon baƙon harshe ko da magana. A cikin wannan maƙala za mu bi sawun hanyoyi biyu da Ingilishi ya biyo ya iso ƙasar Tasawa da Mayahi, har zuwa karkara irin ta Atantane, domin mu ga abin da kowace ta haifar. Za mu riƙa cewa Ingilishi, saboda a bakin mutanen wannan yanki Turanci sau da yawa Faransanci yake nufi.

2. Hanyar kasuwa

Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 sun shata iyaka a tsakiyar ƙasar Hausa, amma ba su tsayar da zirga-zirga ba. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya ƙara jan fatake da ƴan ci-rani zuwa kudu. Lokacin yaƙin basasar Nijeriya kuma, daga 1967 zuwa 1970, kasuwancin alhazan Maraɗi ya bunƙasa ƙwarai.

Waɗannan matafiya sun dawo gida da kalmomi masu yawa: fam da sule da sisi da kwabo a wajen kuɗi, mota da direba da birki a wajen sufuri, tebur da bokiti da burodi a wajen kayan gida. Amma ba su dawo da harshen kansa ba, domin a Katsina da Kano Hausa ta ishe su ciniki. Kalmomin ma sai da suka bi ƙa'idar Hausa kafin su zauna. An cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu da suka haɗu, kamar yadda ake gani a direba da birki, an kuma yi musu jam'i irin namu: direbobi, motoci, teburori. Ashe jin harshe da kunne, in babu larurar da ta tilasta wa mutum ya yi magana da shi, kalmomi kawai yake bari.

3. Hanyar aji

A lakwal kuwa da Faransanci ake koyarwa, Ingilishi sai ɗalibi ya shiga kwaleji. Tsarin da aka gada daga Faransa ya samo asali ne daga yadda ake koyar da Latin: a haddace ƙa'ida, a haddace jerin aikatau, sa'an nan a yi fassara. Ko a Turai an yi jayayya a kansa. A 1882 Bajamushe Wilhelm Viëtor ya fitar da wata ƙasida yana kira da a juya akalar koyar da harsuna zuwa furuci da magana. A 1902 hukumar ilimi ta Faransa ta wajabta koyarwa kai tsaye cikin baƙon harshen ba tare da fassara ba, amma zuwa 1925 ta sassauta, ta koma ga tsarin da ya gauraya biyun.

A 1962 ƴan sa-kai na ƙungiyar Peace Corps ta Amurka suka fara zuwa Nijar, kuma koyar da Ingilishi ne aikinsu na farko. Ƙungiyar ta janye a 2011. A tsawon wannan zamani tattaunawa da maimaita jimloli da baki sun shiga cikin littattafan aji. Duk da haka akwai cikas ɗaya da bai gushe ba. Yaron da ya taso a Atantane da Hausa yake tunani, Faransancinsa bai gama nuna ba, amma da Faransancin ake yi masa bayanin nahawun Ingilishi. In ya fita daga aji kuma ba shi da abokin magana. Wanda ya sha wannan karatu yakan iya jera sifofin aikatau a kan allo, amma a tambaye shi hanyar tasha sai baki ya yi nauyi.

Yana da kyau mu dubi ƙetaren iyaka. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a hukumance a 1922, ta yi suna wajen kyautata furuci, kuma daga cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito, wanda aka san shi da zaƙin murya a Ingilishi. Sai dai ɗalibanta ƴan kaɗan ne, a makarantar suke kwana, kuma da Ingilishi ake koya musu sauran darussa. Ba a yar da nahawu a can ba, an dai ba shi maganar da zai gyara. Irin waɗannan sharuɗɗa kwalejin karkara ba ta da su.

4. Abin da magana kaɗai ba ta bayarwa

Kada a ɗauka cewa maganin shi ne a watsar da nahawu. A 1965 aka fara wani gwaji a garin Saint-Lambert na ƙasar Kanada, inda aka riƙa koyar da yara masu jin Ingilishi dukan darussa da Faransanci. Yaran da suka bi irin wannan tsari sun fahimci harshen sosai, amma binciken Merrill Swain na 1985 ya nuna cewa kurakuran nahawu sun zauna musu a baki duk da shekarun da suka yi suna saurare. Ta ga cewa sai an matsa wa ɗalibi ya yi magana da rubutu, ya lura da inda ya kauce.

Malaman ƙasar Hausa sun daɗe da sanin muhimmancin jerin matakai. Almajiri yakan shekara da shekaru yana karatun allo, harshensa yana sabawa da furucin Larabci, kafin ya zauna gaban malamin ilimi ya ɗauki Ajurumiyya, daga baya Alfiyyar Ibn Malik. Amma wannan tsari ma yana da gargaɗi a cikinsa: ya fitar da masu karanta littattafai da fassara su fiye da masu hira da Larabci, domin abin da aka yi ta maimaitawa shi ake iyawa. Muhimmin abu kuma shi ne da Hausa ake bayanin wannan nahawu.

5. Hausa a matsayin gada

A nan ne masanin harshe yake da abin cewa. Hausa tana bambanta “yana ci” da “yakan ci”. Ingilishi ma yana yin wannan bambanci tsakanin “he is eating” da “he eats”, alhali Faransanci yakan haɗa su duka cikin “il mange”. In an bi ta Faransanci sai a ɓatar wa yaro da bambancin da ya riga ya sani tun yana goye, sa'an nan a sake koya masa shi da wahala. Haka kuma malamin da ya san tsarin sautin Hausa ya san tun da wuri inda ɗalibi zai yi tuntuɓe: rarrabe p da f, da furta baƙaƙe biyu ko uku a jere.

Nijar ba baƙuwa ba ce ga wannan tunani. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda ake fara karatu da Hausa kafin a shiga Faransanci.

6. Kammalawa

Tarihin wannan yanki ya nuna cewa kasuwa ta ba da kalmomi ba jimla, aji kuma ya ba da ƙa'ida ba baki. Saboda haka muna ba masu tsara manhaja shawara uku. Ta farko, kowane darasi ya fara da magana a kan abin da ɗalibi ya sani, gona da rijiya da ranar kasuwa, ƙa'ida ta biyo baya a taƙaice. Ta biyu, a rubuta ƙaramin littafin nahawun Ingilishi cikin Hausa, wanda aka gina a kan kwatanta harsunan biyu, a kuma horar da malamai a kansa. Ta uku, a ba magana maki mai nauyi a jarrabawa, domin abin da ake aunawa shi malami yake koyarwa. In ba a yi haka ba, matsayin harshen aiki da aka ba Ingilishi zai amfani ƴaƴan birni ne kawai, ɗan Atantane kuwa a ƙara masa wata ƙofa da ba shi da mabuɗinta.