Zango a Ƙasar Gure: Tarihin Sauka a Bakin Ruwa Tsakanin Muniyo da Tarmit

Garin Gure yana gabas da birnin Damagaram da tafiyar fiye da kilomita 150, a cikin ƙasar da ake kira Muniyo, inda duwatsu suka taso a tsakiyar jigayi, wato tuddan rairayi, suka ba yankin kamannin da ya bambanta shi da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Hausa da ke yamma. A arewa akwai tsaunukan Kutus, waɗanda garin Kelle yake cikinsu, can gaba kuma, bayan an wuce Tasker, akwai dutsen Tarmit a bakin hamadar Tenere. Matafiyin da ya ratsa wannan ƙasa kafin zuwan mota ba ya lissafin tafiyarsa da nisa, yana lissafinta ne da zango, wato wurin da ayari yake sauke kaya ya kwana, domin inda ruwa da inuwa da ciyawa suka haɗu shi ne yake yanke wa mutum tsawon yininsa. Tarihin sauka a dajin Gure, saboda haka, tarihi ne na yadda baƙo yake samun izinin kusantar ruwan da yake da masu shi.

Abin da ya ba wannan ƙasa zangunanta shi ne kwari. Tsakanin jigayin Muniyo da na ƙasar Manga, har zuwa Gudumariya da Maine-Sorowa, ƙasa takan lotsa ta yi wani faffaɗan rami mai kama da ƙwarya, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake kusa da sama ƙwarai, har a wasu wurare ya fito fili ya zama tafki. Wanda ya tsaya a kan jigawa ya dubi irin wannan kwari zai ga tsirrai sun jeru zobe-zobe: daga waje goruba ce ta yi duhu, a cikinta dabino, sannan lambunan rogo da rake da masara da albasa, a tsakiya kuma ko dai ruwa, ko kuma farin fili mai ƙyalli inda kanwa ta daskare bayan ruwan ya janye. Kowane zobe yana da amfaninsa ga mai sauka. Goruba tana ba shi itacen wuta da kabar da zai yi igiya ko ya gyara mangala, lambu yana ba shi abin saye, rijiyoyin gefen kwari, waɗanda ba su da zurfi, suna ba shi ruwan daɗi ko da na tsakiya ya yi zartsi, kanwa kuma tana gyara cikin dabbar da ta gaji. Duk da haka ayari mai hankali ba ya kwana a gindin ruwan, yakan ɗan hau gefen jigawa, saboda sauro da sanyin raɓa, da kuma gudun kada dabba ta kwance ta faɗa lambun mutane, wanda shi ne mafarin yawancin rigimar da ke tsakanin baƙo da ɗan gari.

A ƙarni na 19 Muniyo tana ƙarƙashin inuwar Barno, sarkinta kuma yana riƙe da sarautar Muniyoma. Tsohuwar hedikwatar ƙasar ita ce Bune, amma a zamanin Muniyoma Koso Gure ce mazaunin sarki, kuma a nan ne Turawa biyu na farko da suka rubuta labarin ƙasar suka same shi. James Richardson, ɗan Ingila, ya biyo ta Gure a farkon shekarar 1851 a hanyarsa daga Damagaram zuwa Kukawa, sai dai bai kai ba, domin ya rasu a Ngurutuwa a watan Maris na wannan shekara. Abokin tafiyarsa Heinrich Barth, ɗan Jamus, ya ratsa Muniyo a watan Disamba na 1852 yana tafiya yamma, ya sauka a Gure ya gai da Koso, ya kuma bayyana wani kwari a kan hanyar Damagaram mai tafkuna biyu kusa da juna, ɗaya na ruwan daɗi ɗaya na kanwa. Waɗannan Turawa sun zo da tantinsu, amma ba su ƙago wuraren saukarsu ba, sun bi zangunan da fatake suka daɗe da takawa, kuma sun bi ƙa'idar da kowane baƙo yake bi, ta aika wa sarki gaisuwa kafin a zauna.

Fataucin da ya raya waɗannan zanguna shi ne na gishiri da kanwa. Da kaka ta wuce, ruwan kwaruruka ya fara ja da baya, Mangawa, waɗanda reshe ne na Barebari, sukan bar garuruwansu su tare a bakin kwari cikin bukkokin kaba har tsawon rani, suna kankare ƙasa mai gishiri, suna tace ta da ruwa, suna dafa ruwan a cikin ƙananan tukwanen yumɓu har ya daskare ya zama curin gishirin da kasuwannin Hausa suka sani da sunan mangul. Kanwa ita ba ta bukatar wuta, tsinta ake yi ko a fasa ta daga fili, a ware fara da ja da gari, kowace da kasuwarta: ta miya da dafa wake, ta haɗa taba, ta magani, da wadda ake jiƙa wa shanu da dawaki. Masanin tarihi Paul Lovejoy, wanda ya fitar da littafi a kan gishirin wannan yanki a 1986, ya nuna cewa Muniyo da Manga suna cikin manyan wuraren da suka ciyar da kasuwannin Barno da na daular Sakkwato da wannan kaya. Ke nan bakin kwari a lokacin rani yakan ɗauki zama iri biyu a lokaci guda, na masu aikin da za su yi watanni, da na fataken da za su yi kwana biyu ko uku suna ciniki kafin su ɗaura wa jakuna da takarkarai da raƙuma kaya su nufi Damagaram da Kano.

Ayarin Hausawa yana da tsarinsa, kuma a zango ne tsarin yake fitowa fili. Madugu shi ne shugaba, shi yake magana da sarakunan hanya, ya daidaita abin da za a biya, ya raba nauyin a kan fatake gwargwadon kayan kowa. Jagaba yakan yi gaba ya duba hanya da wurin sauka, uban dawaki yana taimakon madugu wajen tara kuɗi da kai gaisuwa, sau da yawa kuma akwai malamin ayari mai duba ranar tashi da jan salla. Akan tashi da asuba domin a ci sanyin safiya, a sauka tun rana ba ta yi nisa ba, saboda dabba tana bukatar sauran yinin ta yi kiwo. Da an isa, sai a kwance kaya a tara su a tsakiya, kowane falke da nasa gefe, a yi wa jakuna dabaibayi, yara su tafi ɗiban ruwa da salka, wasu su sare ƙaya a kewaye wurin idan ana tsoron kura ko ɓarawo. Kafin la'asar matan gari sun iso da fura da nono da dafaffen abinci, ƙaramar kasuwa ta ci a gindin goruba, da dare kuma a raba gadi. Wannan ciniki na yamma shi ne ribar da talakan gari yake samu daga baƙo, kamar yadda gaisuwa take ribar sarki, shi ya sa gari mai hankali yake kiyaye sunan zangonsa, domin madugun da aka cuta a wuri ba ya komawa, kuma ba ya yin shiru.

Zangon da aka yawaita sauka a cikinsa yakan zama unguwa. Haka aka yi a Damagaram, inda unguwar Zango ta tashi a wajen ganuwar Birni a matsayin masaukin Buzaye da fatake, haka kuma aka yi a can kudu, a Salaga da Kumasi da Ankara ta ƙasar Gana, inda unguwannin baƙi Musulmi suke ɗauke da wannan suna har yau. Muniyo ita kanta ba ta daɗe da ɗan 'yancin da take da shi a zamanin Koso ba, domin a rabi na biyu na ƙarnin ƙarfin Damagaram ya rinjaye ta, kafin Faransawa su kama Damagaram a 1899 su miƙa gabas zuwa tafkin Cadi.

Mulkin mallaka ya kawo wani irin masauki dabam. A kan manyan hanyoyi an gina bariki-bariki, tazarar yini guda tsakaninsu, domin jami'in da yake rangadi ya sami ɗaki da ruwa da itace, kuma ƙauyukan da ke kusa ne aka ɗora wa gini da gyara da kawo abinci, a ƙarƙashin aikin tilas da ba a soke shi ba sai a 1946. Bambancin da ke tsakanin wannan da zangon fatake babba ne, kuma bai kamata a wuce shi da sauri ba: a zango baƙo ne yake neman izini ya biya, a bariki kuwa mai gari ne yake hidima ba tare da an tambaye shi ba. Bayan samun 'yancin kai a 1960, hanyar kwalta da aka shimfiɗa daga Gure zuwa Ngigmi a shekarun 1970 da taimakon Kanada, wadda ake kira hanyar haɗin kai, ta mayar da tafiyar makonni ta zama ta yini, manyan motoci suka karɓe kanwa daga hannun jakuna, zanguna da yawa suka koma tasha.

Waɗanda ba su daina sauka a daji ba su ne makiyaya, wato Fulani da Tubawa da Buzaye da Larabawa, waɗanda suke hawa arewa da damina su gangaro kwaruruka da rani. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun kashe dabbobi, sun kuma kashe tsirran da suke riƙe da jigayi, rairayi ya fara tafiya yana binne goruba da lambu, har ya zama dole mutanen Gure da Maine-Sorowa su koyi kafa shingaye na kaba da rassan daji a kan tudu, layi bayan layi, domin su tsayar da shi kafin a dasa itatuwa. Da kwari ya ƙanƙance, sai wurin da garke zai bi ya sha ruwa ya matse, tsohuwar tambayar zango ta dawo da zafi. Dokokin ƙasa sun yi ƙoƙarin amsa ta: dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kundin dokokin karkara na 1993 ya kafa kwamitocin ƙasa masu shata burtali da mashaya, dokar kiwo ta 2010 kuma ta amince cewa yawo haƙƙi ne na makiyayi. A 2019 an sa tafkin Gidimuni, da ke kan hanyar Damagaram zuwa Gure, cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, wadda ta shafi kiyaye wuraren ruwa da tsuntsayensu.

Ra'ayin keɓe daji domin namun dawa da masu yawon buɗe ido ya faro ne daga Amurka, inda aka kafa gandun Yellowstone a 1872, kuma a can ne aka saba da filin kwana mai lamba a bakin tafki, wanda baƙo yake biyan kuɗinsa ga hukuma. A Nijar gandun W ya zama gandun ƙasa a 1954, na Ayar da Tenere ya biyo baya a 1988, sai a watan Maris na 2012 aka kafa gandun Tarmit da Tin Tumma, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 97,000 a lokacin, wanda babban ɓangarensa yake a ƙasar Tasker, yankin da yake cikin gundumar Gure kafin a ba shi tasa. Tarmit baƙin dutse ne mai kwazazzabai, ba shi da tafki, itatuwansa ƙayoyi ne a bakin ƙoramu busassu, amma a cikinsa ragon dutse yake, da mena, barewar nan da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar ta ɗauki sunanta, a rairayin Tin Tumma kuma akwai adaks, farar dabbar hamada mai murɗaɗɗun ƙahoni wadda take iya daɗewa ba ta sha ruwa ba. Wurin ba kango ba ne. Masu tonon tarihi sun sami alamun tsohuwar ƙira da narkar da tama a gindinsa, Tubawa suna da rijiyoyinsu a can, kuma ta wannan yanki ne ayarin matan Tubawa yake bi kowace shekara zuwa Bilma domin ɗebo dabino, suna tafiya daga rijiya zuwa rijiya ba tare da jagorancin maza ba.

Gandun ya zo daidai da zamanin man fetur, domin an fara aikin rijiyoyin man Agadem a 2008, matatar Damagaram ta fara aiki a 2011, sansanonin ma'aikata da na masu gadinsu suka bazu a cikin rairayin da adaks yake kiwo. Binciken da aka yi a 2016 ya ga guda uku kacal, masu binciken kuma suka danganta raguwar da hayaniyar aiki da farauta da mota. A 2018 gwamnati ta damƙa kula da gandun ga ƙungiyar Noé ta Faransa, a 2019 aka cire wani babban yanki na gabas saboda aikin mai, a 2021 kuma aka sake shata iyakokin. Mai sansanin da ya zo da tankar ruwa da injin wuta ba ya bukatar rijiyar kowa, saboda haka babu abin da yake tilasta masa ya nemi mai wuri ya gaishe shi, kuma wannan ne ya raba shi da duk waɗanda suka riga shi sauka a ƙasar. Masu kula da gandun kuwa, da yake filin ya fi ƙarfin 'yan motocin sintirinsu, sun dogara da makiyayan yankin da aka ɗauka aikin sa ido, mutanen da suke gane sawun mota daga sawun raƙumi, suke kuma sanin wanda ya kwana a kowace rijiya da inda ya dosa da gari ya waye.