Honda NR500

Honda NR500 babur ne na tsere wanda kamfanin Honda na ƙasar Japan ya ƙera don shiga gasar tseren babura ta duniya a ajin inji mai cc 500. Ya fara fita fili a shekarar 1979. An san shi da fistin ɗinsa mai siffar ƙwai, saɓanin fistin mai da'ira da aka saba gani. Bai ci ko maki ɗaya a gasar duniya ba, amma wasu dabarun da aka gwada a kansa sun shiga babura na baya.

Dalilin ƙera shi

Honda ya janye daga gasar duniya bayan kakar 1967. Lokacin da ya yi shirin dawowa, baburan Yamaha da Suzuki masu inji mai bugu biyu ne ke mamaye ajin. Irin wannan inji yana ƙona mai a kowane juyi, mai bugu huɗu kuwa sai ya yi juyi biyu kafin ya ƙona sau ɗaya. Mai bugu huɗu shi ne irin wanda ke jikin Bajaj Boxer da 'yan acaba ke hawa a arewacin Najeriya da Jamhuriyar Benin.

Honda ya nace a kan bugu huɗu. Don ya kamo abokan hamayyarsa, dole injin ya riƙa juyawa da sauri sosai, ya kuma sha iska da yawa. A da, Honda kan cimma haka ta hanyar ƙara yawan silinda, amma dokar hukumar FIM ta hana wuce silinda 4.

Tsarin injin

Injiniyoyin, ƙarƙashin jagorancin Shoichiro Irimajiri, sun miƙar da kowace silinda ta yi tsawo, kamar an haɗe silinda biyu wuri ɗaya. Kowace silinda ta samu bawul 8 da fulogi 2, kowane fistin kuma yana da sanda 2 da ke haɗa shi da kirankishaf. Jimillar bawul 32 ke nan. A bisa doka silinda 4 ne, a aikace kuma ya yi kusa da inji mai silinda 8. Yana juyawa kusan sau 20,000 a minti ɗaya.

Samfurin farko ya zo da ƙirar jiki ta alminiyam wadda ta lulluɓe injin ta kuma ɗauki nauyinsa, da ƙafafu masu inci 16, da lagireto a gefe biyu.

Matsaloli

Zoben fistin mai siffar ƙwai ya yi wuyar toshe iska yadda ya kamata. Ƙirar jikin ta sa makanikai ba sa kai hannu ga injin da wuri, don haka aka koma firam ɗin bututu a 1980. Haka kuma idan mahayi ya saki totur, injin kan riƙe ƙafar baya har ta yi tsalle. Wannan ya sa aka samar da kuloci mai ɗan sulluɓewa da kansa, irin wanda yanzu ake samu a baburan gudu da yawa.

A filin tsere

An fara hawansa a Silverstone da ke Ingila a watan Agusta 1979. Mick Grant ya faɗi a kwanar farko, babur ɗin ya kama wuta, Takazumi Katayama kuma ya tsaya bayan 'yan zagaye kaɗan. A Le Mans ta Faransa ba wanda ya samu gurbin shiga tseren a cikinsu. A 1981 Kengo Kiyama ya ci tseren kilomita 200 na Suzuka da shi, Freddie Spencer kuma ya kai matsayi na biyar a Silverstone kafin babur ɗin ya lalace.

Bayan haka

A 1982 Honda ya fito da NS500 mai bugu biyu da silinda 3, wanda Spencer ya ci kambin duniya da shi a 1983. Duk da haka kamfanin bai yar da fistin mai siffar ƙwai ba. NR750 ya shiga tseren awa 24 na Le Mans a 1987, sannan a 1992 aka sayar da ƙalilan na samfurin NR mai cc 750 don hawa a kan titi.