Daga Rajistar Tsare Mutane Zuwa Fayil Ɗin Majinyaci: Tarihin Rubutun Nas a Asibitin Ƙwaƙwalwa

Mafi yawan cututtukan ƙwaƙwalwa ba sa fitowa a gwajin jini, ba sa kuma bayyana a hoton ƙashi. Likitan da ya zauna da majinyaci na minti goma da safe ba shi da madogara sai abin da ya gani a wannan ɗan lokaci da abin da aka rubuta masa. Shin ya yi barci jiya? Ya ci abinci? Ya haɗiye ƙwayar, ko ya maƙale ta a kumatu ya tofar bayan an juya baya? Wadda ta san amsa ita ce nas ɗin da ta kwana a ɗakin. Masu jinya kan ga nas sunkuye a kan fayil su ɗauka ta bar ɗan'uwansu ta kama aikin ofis, alhali wannan rubutu shi ne idon likita da na mai haɗa magani a sa'o'in da ba sa nan. Sai dai ba da niyyar warkarwa aka fara shi ba.

A Ingila, dokar shekarar 1845 ta kafa hukumar da ke zagaya gidajen da ake tsare masu taɓin hankali, ta kuma wajabta ajiye rajistar shiga da fita da littafin bayanin kowane majinyaci. Manufar ita ce a hana tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, kuma wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne. Amma likita ne ke riƙe da alƙalami. Masu kula da majinyata dare da rana, waɗanda a lokacin matsayinsu bai wuce na masu gadi ba, nasu shi ne ƙirga kawuna da kulle ƙofa. Sai a 1885 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar ta fitar musu da littafin koyarwa, aka fara yi musu jarrabawa a 1891.

A Amurka kuwa an ɗan riga su. Linda Richards, wadda ake ɗauka a matsayin nas ta farko da ta kammala horo a ƙasar a 1873, ta yi aikin dare a asibitin Bellevue da ke Niyok, inda ta tarar ana miƙa labarin majinyata da baki kawai. Ita ake dangantawa da fara tsarin bai wa kowane majinyaci takardarsa ta daban. A 1882 asibitin McLean da ke jihar Masacusets ya buɗe makarantar farko ta horar da nas-nas na ƙwaƙwalwa, ita ma Richards ta ƙarasa shekarun aikinta tana kafa irin waɗannan makarantu a asibitocin masu taɓin hankali.

Duk da haka, abin da nas ke rubutawa bai wuce zafin jiki da abinci da "ya kwana lafiya" ba, har zuwan Hildegard Peplau. Peplau ta kammala littafinta kan alaƙar nas da majinyaci a 1948, amma bai fito ba sai 1952, domin masu ɗab'i na ganin ganganci ne nas ta wallafa irin wannan littafi ba tare da sunan likita a kai ba. A 1954 ta kafa a Jami'ar Rutgers karatun digiri na biyu na farko da ke yaye nas ƙwararriya a fannin ƙwaƙwalwa. Ginshiƙin koyarwarta rubutu ne, amma wani iri na daban. Ɗaliba za ta zauna ta yi hira da majinyaci, ta rubuta abin da ya faɗa kalma bayan kalma, da abin da ita ta mayar masa, da abin da ta ji a ranta lokacin. Daga nan malama ta bi takardar layi-layi tana tambaya: me ya sa kika sauya zance da ya ambaci mahaifinsa? Me ya sa kika ce masa kada ya damu, alhali bai gama gaya miki damuwar ba?

A ganina wannan shi ne babban juyin da aka samu a tarihin. Kafin Peplau, takarda na ɗauke da hukuncin ma'aikaci a kan majinyaci; bayanta, ta fara ɗaukar muryar majinyacin kansa. Akwai tazara mai nisa tsakanin a rubuta "yana da taurin kai, ya ƙi magani" da a rubuta "ya ƙi ƙwayar dare, ya ce tana sa harshensa nauyi har ba ya iya karatun salla". Jimla ta farko ba ta ba ni komai da zan yi aiki da shi a ɗakin magani. Ta biyu kuwa tana gaya mini cewa wataƙila illar magani ce, wadda rage awo ko sauya ƙwaya zai iya kawar da ita. Har yau ana horar da manyan nas-nas na ƙwaƙwalwa da wannan dabara ta rubuta hira.

A daidai wannan zamani ne magunguna suka shigo, suka mai da rubutun abin da rai ke rataye a kansa. A 1949 John Cade ya bayyana amfanin litiyam a Ostireliya ga masu ciwon da ke ɗaga mutum sama ya kuma jefar da shi ƙasa. A 1952 Jean Delay da Pierre Deniker suka gwada maganin da aka fi sani da Largactil a asibitin Sainte-Anne na birnin Faris. Ɗakunan da a da ba a jin komai sai ihu suka lafa, amma kowace ƙwaya ta zo da nata sharaɗi. Tsakanin awon litiyam mai warkarwa da mai cutarwa taku ɗaya ne. Alamun ya yi yawa a jiki su ne karkarwar hannu mai ƙarfi, da gudawa ko amai, da tangaɗi, da lauyewar harshe, kuma nas ce ke fara ganinsu. In ta rubuta cewa majinyaci ya yini yana gudawa, ko wani ya kawo masa maganin ciwon gaɓoɓi irin su ibufurofen daga waje, mai haɗa magani ya san dole a auna jini kafin a ba da ƙwaya ta gaba, domin ƙarancin ruwa a jiki da irin waɗannan magunguna duk suna tara litiyam a jini. In ba ta rubuta ba, babu wanda zai sani.

Darasi mafi ɗaci ya zo daga ƙasar Finlan a 1975, inda mutum takwas da ke shan kilozafin suka rasu bayan fararen ƙwayoyin jininsu, masu yaƙar cuta, sun ƙare. Aka janye maganin a ƙasashe da dama. Da bincike ya nuna yana taimakon waɗanda sauran magunguna suka gagara, sai aka dawo da shi wajen 1990 bisa sharaɗin gwajin jini a kai a kai. A Birtaniya kowane mako ne na makonni 18 na farko, kuma ɗakin magani ba ya sakin ƙwaya sai ya ga sakamako. Wannan magani ya tilasta wa nas da likita da ɗakin gwaji da ɗakin magani su yi magana da juna ko ba sa so.

Da hannaye suka yi yawa a kan fayil ɗaya, sai aka buƙaci tsari. A 1968 likita Lawrence Weed ya ba da shawarar a riƙa jera bayani gida huɗu: abin da majinyaci ya faɗa, abin da aka gani ko aka auna, fahimtar ma'aikaci, sai matakin da za a ɗauka. Amfaninsa shi ne ya raba shaida da zato.

Tsari a cikin asibiti ɗaya bai isa ba idan majinyaci na yawo tsakanin asibitoci. A watan Disamba na 1992 wani mai ciwon ƙwaƙwalwa ya kashe wani bawan Allah a tashar jirgin ƙasa a Landan. Kwamitin bincike ƙarƙashin lauya Jean Ritchie ya fitar da rahoto a 1994, ya gano cewa mutumin ya shafe shekaru yana bin asibitoci da ofisoshi daban-daban, kowa na riƙe da guntun labarinsa, babu mai cikakkensa, kuma ana sallamarsa ba tare da shirin bibiya ba. Ya kamata a faɗa a nan cewa irin wannan ta'asa ba kasafai take fitowa daga masu wannan ciwo ba. Sun fi zama waɗanda ake cutarwa. Abin da rahoton ya tona shi ne cewa bayanin da ya tsaya a durowa daidai yake da wanda ba a rubuta ba. Daga baya, a farkon shekarun 2000, asibitocin Kaiser Permanente na Amurka suka aro salon miƙa rahoto daga sojojin ruwa: me ke faruwa yanzu, mene ne asalinsa, me nake gani, me nake so a yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a 2007, kuma yau ana koyar da shi domin ƙaramar nas ta iya kiran babban likita da tsakar dare ta isar da saƙo ba tare da kame-kame ba.

Akwai mai shaida guda da duk waɗannan tsare-tsare na Turai da Amurka suka daɗe ba su ba shi gurbi ba, wato dangi. A nan Nijeriya ta riga su. A 1954, shekarar da Peplau ta buɗe karatunta, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta: majinyaci ya sauka a gidan mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, ana kula da shi daga asibiti, ɗan'uwan kuma na ganin yadda ya kwana da yadda ya tashi. Har yau a asibitocinmu mai jinya ne ya san ranar da aka daina shan ƙwaya, da jiƙon da aka haɗa da ita, da katin wani asibiti da ke ƙasan akwati. Ga mai shan kilozafin, alal misali, idan ya tsallake fiye da awa 48 ba a mayar da shi kan tsohon awonsa, sai an sake farawa daga ƙasa, in ba haka ba jininsa na iya sauka ya yanke jiki ya faɗi. Haka nan idan mai shan sigari ya daina farat ɗaya, maganin kan taru a jikinsa. Babu ɗayan biyun da zai shiga fayil sai wanda ke zaune da shi a gida ya gaya wa nas, ya kuma tsaya ya ga ta rubuta.