Fizgar Turbo Da Waɗanda Suka Yi Fama Da Ita

Tun da aka fara ɗaura turbo a injin ƙaramar mota ake kuka da abu guda: ka taka totur mota ta yi lakwas, sai can ƙarfi ya zo gaba ɗaya ya fizge ka. Masu kawo mini motoci gareji suna ɗauka sabon ciwo ne da ya zo da motocin kwamfuta. Ina! Ya girmi yawancinmu da ke riƙe da sufana a yau.

Turbo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke hanyar fita salansa shi ke juya ta farko, ta biyun kuma ta danna iska cikin inji. In inji na tafiya a hankali hayaƙi kaɗan ne, fankar ba ta da abin juya ta. Sai ya ɗau gudu sannan ta farka. Alfred Büchi, injiniya ɗan Suwizalan, ya yi rajistar wannan dabara a 1905, amma jiragen ruwa da na sama ne suka fara morar ta, domin injinsu kan daɗe a gudu ɗaya, ba ruwansa da kwana ko cunkoso. Mota kuwa taka-saki ne aikinta.

A 1962 kamfanin General Motors na Amurka ya gwada da Oldsmobile Jetfire. An yi mata wani ɗan tanki na ruwa gauraye da sinadarin metanol, ana fesa shi don sanyaya abin da inji ke shaƙa. Mutane suka riƙa barin tankin ya ƙafe, mota ta rage ƙarfi, suka ce lalatacciya ce. Shekara biyu aka daina ƙera ta. Jamusawa suka karɓa. BMW 2002 Turbo ta fito a 1973 da ƙarfin doki 170, sai ta faɗa cikin tsadar man da ta biyo bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila, guda 1,672 kaɗai aka yi. Porsche 911 Turbo ta 1975 ita ce ta fi ban tsoro. Ƙarfin doki 260, giya huɗu masu tsawo, ga inji a can bayan tayoyin baya. Direba zai taka a tsakiyar kwana, ya ji shiru, ya ƙara takawa, sai turbo ta farka ƙugun mota ya juyo gaba. Har laƙabi aka yi mata da mai sa mata takaba.

Ni dai a wannan tarihi mutanen Saab na ƙasar Suwidin nake girmamawa, musamman injiniyansu Per Gillbrand. Sauran suna neman gudun fanfalaki, su kuwa magidanci suka tuna, wanda ke son wuce tirela a hanya mai hannu biyu ya koma layinsa lafiya. Suka zaɓi ƙaramar turbo mai saurin farkawa, suka haɗa ta da wata 'yar ƙofa da ke buɗewa ta zubar da rarar hayaƙi idan iskar ta kai iyaka. Saab 99 Turbo ta 1978 ƙarfin doki 145 ne kawai, amma yana zuwa da wuri kuma a shimfiɗe. A farkon shekarun 1980 suka ƙara abin da suka kira APC: na'urar da ke manne a jikin inji tana sauraron ƙyas-ƙyas ɗin da ke fitowa idan mai ya kama wuta kafin lokacinsa. Da ta ji, sai a buɗe ƙofar a rage iska. Saboda bambancin ingancin fetur daga gidan mai zuwa wani suka yi ta, kuma kusan duk motar turbo mai shan fetur da ke zuwa mana ta Kwatano yau tana ɗauke da jikar wannan na'ura.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan saurayi ya zo da kwamfutar cinya da wani tsari da ya sauko da shi daga intanet, yana so a ƙara wa motarsa iska. An rubuta tsarin ne don fetur mai lamba 98 da sanyin Turai. Mu kuwa a watan Afrilu zafin Kano kan haura 40, man da muke sha bai kai wancan ba, ga ƙurar hunturu ta toshe matatar iska da lagireton da ke sanyaya iskar turbo. Inji ya fara ƙyas-ƙyas, kwamfutar mota ta ja da baya, ta sake bayarwa, ta sake ja. Abin da direba ke ji kenan yana cewa ƙarfi na zuwa yana ɗaukewa kamar wutar lantarki. Motar tana kare kanta ne, shi kuma yana neman a toshe mata kunne.

Kafin in taɓa kwamfuta, ƙarfe da roba nake bi. Tiyon da ke kai iska daga turbo kan tsage a ƙasa inda ido ba ya gani, ba ya buɗewa sai iska ta matsa, don haka a tsaye mota lafiya lau take. Siririn tiyon da ke sarrafa ƙofar hayaƙin nan kan bushe ya fashe, ko sandarta ta cije da tsatsa. Filogin da bakinsa ya yi faɗi yana kawo wuta a silo, amma iska na ƙaruwa sai ya gaza. Famfon mai da ya gaji ma a daidai wannan gaɓar yake nuna halinsa.

Daga nan sai in ɗaura agogon awon iska mu hau hanya, a giya ta uku, daga ƙasa a taka har sama. In allura tana rawa, a ƙofar hayaƙi ko tiyo matsalar take. In ta hau ta tsaya cak amma mota na sarƙewa, sai in koma kan filogi da famfon mai.