Madam Pompadour da Masu Zanenta

A fadar Versailles ta Faransa, a ƙarni na 18, zanen hoton mace mai sarauta shaidar matsayi ne. Salon da ake yayi a lokacin, wanda ake kira Rokoko, yana son launi mai sanyi, siliki mai sheƙi, furanni da fuska marar tamoji. Jean-Marc Nattier ya yi fice wajen zana 'ya'yan Sarki Luwi na 15 a siffar gumakan mutanen Rum. A 1745 ya fito da Gimbiya Adelayid a matsayin Diyana, gunkiyar farauta.

Sai dai wadda ta fi kowa cin moriyar wannan sana'a ba jinin sarauta ba ce. An haifi Jeanne-Antoinette Poisson a Paris a 1721, cikin gidan masu harkar kuɗi. A 1745 ta zama farkar sarki, aka naɗa mata sarautar Pompadour, manyan fada kuwa ba su taɓa yafe mata asalinta ba. Da soyayyarta da sarki ta huce wajen 1750, dole ta nemi wani abin dogaro, sai ta koma ga masu zane.

A hoton da Maurice Quentin de La Tour ya kammala a 1755, wanda ke gidan tarihi na Louvre, tana zaune da takardar kiɗa a hannu. A kan teburinta akwai juzu'i na huɗu na babban kundin ilimi na Diderot, da littattafan Voltaire da Montesquieu. Hukuma na kallon wannan kundi da idon zargi, amma ta sa aka ajiye shi a gefenta, kowa ya gani. Shekara guda bayan haka, da aka naɗa ta cikin manyan matan da ke hidimar sarauniya, François Boucher ya zana ta a kishingiɗe cikin koriyar riga mai cike da furen wardi, littafi a buɗe a cinyarta, alƙalami a kusa. Ado ya yi yawa, gaskiya, har Diderot kansa ya riƙa sukar Boucher da cewa ya rabu da gaskiyar halitta.

Hotonta na ƙarshe, na François-Hubert Drouais, yana Landan. Ya nuna ta dattijuwa, tana aikin surfani. An zana fuskar a Afrilun 1763, aka kammala sauran a Mayun 1764, wata guda bayan rasuwarta tana da shekara 42.